Darasi na Goma Sha Biyu: Malami da Sabunta Manhajar Gudanar da Aji

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son mai karatu ya iya:

1. bayyana manhajar gudanar da aji da irin aikin da take yi wa malami;
2. faɗin dalilan da ke sa kamfanoni suke sabunta manhajojinsu;
3. auna kowane sabon sauyi da ma'auni uku kafin ya shigar da shi aji;
4. sabunta manhaja ba tare da asarar maki ko ɓarnar data ba;
5. kare amanar bayanan ɗalibai.

Shimfiɗa

Duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san kayan aikin malami: rajistar kiran suna, kundin shirya darasi, littafin maki, alli da jar biro. Waɗannan kaya sun daɗe ba su sauya kama ba. Rajistar da ɗalibi ya koyi cikewa a Kwalejin Ilimi ta Gumel ita zai tarar ranar da aka tura shi koyarwa Gagarawa ko Sule Tankarkar, kuma ita zai bar wa na bayansa ranar da ya ajiye aiki.

Yau wani sashe na wannan aiki ya fara komawa cikin waya da kwamfuta, kuma abin da ke cikin waya ba ya zama da kama ɗaya. Malami zai kwanta ya bar manhajarsa yadda ya saba da ita, gari ya waye ya tarar an sauya mata fasali: inda yake latsawa ya ga maki ya koma wani wuri, ga kuma wani sabon abu da bai san amfaninsa ba. Wasu malaman nan take sukan karaya, su ce abin ba nasu ba ne. Wasu kuma duk abin da ya fito sabo sai su ɗora wa ɗalibai, ko da rabin ajin ba su da halin bi. Duka biyun kuskure ne. Kamfani ne ke sabunta manhaja, amma malami ne ke da haƙƙin yanke hukunci a kan abin da zai shiga ajinsa, domin shi ya san yaran da halin gidajensu.

Darasin ya shafi malaman firamare da na sakandare, da na Islamiyya, da masu koyar da ajin manya, har da iyaye da 'yan kwamitin kula da makaranta.

1. Mece ce manhajar gudanar da aji?

Manhaja ce da ke tattara harkokin aji wuri ɗaya a intanet. Manyan ayyukanta huɗu ne. Tana riƙe sunayen 'yan aji. Tana ba malami damar raba darasi da aikin gida, tare da sa ranar da za a kawo. Tana karɓar amsoshin ɗalibai, ta nuna wanda ya kawo, da wanda ya makara, da wanda bai kawo ba. Sannan tana ajiye maki ta haɗa jimla.

Iri uku ne malamin ƙasar Gumel zai fi cin karo da su.

Ta farko ita ce Google Classroom, wadda kyauta ce ga duk mai adireshin Gmail. Malami ya buɗe aji, manhajar ta ba shi wasu 'yan haruffa haɗe da lambobi, shi kuma ya ba ɗalibansa. Duk wanda ya shigar da su a wayarsa ya zama ɗan ajin.

Ta biyu ita ce Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da kamfanin Microsoft. Ƙarfinta yana wajen darussan da aka shirya bisa tsarin karatu na ƙasa. Akwai su da Ingilishi da Hausa da Yarbanci da Ibo, akwai kuma darussan horar da malamai.

Ta uku ita ce wadda ke cikin kwamfutocin hannu da gwamnati ke raba wa malamai, kamar a shirin JigawaUNITE da gwamnatin Malam Umar Namadi ta kawo tare da kamfanin NewGlobe. Irin wannan tsari, wanda jihar Edo ta fara a 2018 da sunan EdoBEST, yana aiko wa malami darasin kowace rana a rubuce, yana kuma ɗaukar lissafin halartar malamai da ɗalibai ya isar wa hukuma. A nan ɗalibi ba ya bukatar waya. Na'urar a hannun malami take.

Zauren WhatsApp da makarantu da yawa ke buɗewa yana da amfani wajen sanarwa, amma ba ya cikin wannan sahu. Ba ya ajiye maki, ba ya nuna wanda bai kawo aiki ba, kuma aikin da malami ya tura da safe, kafin la'asar gaishe-gaishe da hotuna sun binne shi.

2. Me ya sa abin ya shafe mu?

Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar yanki ne na noma da kiwo da fatauci a bakin iyakar Nijar. Kasuwar Maigatari da ke ci kowace Alhamis tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa. Fatake na zuwa mata daga Nijar da kuma kudancin Nijeriya. A nan ne kuma aka kafa yankin ciniki na musamman na bakin iyaka a shekarar 2000, domin sarrafa kaya da fitar da su waje. Mai sayen riɗi da mai sayen zoɓo da dillalin shanu duk da waya suke aiki yanzu: da ita ake tura hoton kaya, da ita ake tura kuɗi. Yaran da ke ajinmu su za su gaji wannan kasuwa.

Ga kuma jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta zalla, kuma a 2024 hukumar WAEC ta fara yi wa masu zama jarrabawarta a ƙashin kansu irin wannan tsari. Yaron da bai taɓa amsa tambaya a fuskar na'ura ba sai ranar jarrabawa, an tauye shi tun kafin ya zauna.

Sai dai halin da muke ciki ma a bayyane yake. Wutar lantarki ba ta tsayawa, cajin waya sai an biya a shagon mai sola, sabis kan ɗauke a ƙauyuka, a wasu garuruwan bakin iyaka ma waya kan kamo sabis ɗin Nijar. A gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, kuma tana aljihun maigida, shi kuwa yana gona ko kasuwa. Duk wata magana a kan sabunta manhaja dole a yi ta da wannan a zuciya.

3. Yadda manhaja ɗaya ta yi ta sauyawa

Bari mu bi tarihin Google Classroom, domin mu ga cewa kowane sauyi akwai bukatar da ta haife shi.

An fito da ita a watan Agusta na 2014. A lokacin makarantun da suka yi rajista da kamfanin kaɗai ke iya amfani da ita, kuma babban aikinta shi ne raba takardu da karɓarsu. A 2017 aka buɗe ƙofa, duk mai adireshin Gmail ya samu damar buɗe aji. Wannan sauyi shi ya sa malamin Islamiyya ko mai koyar da ɗinki a Maigatari zai iya amfani da ita ba tare da ya jira wata hukuma ba.

Da farko sanarwa da aikin gida da tambayoyi duk a shafi ɗaya suke zuba, sabo ya danne tsoho, neman aikin makon jiya ya zama wahala. A 2018 aka ware wa ayyukan aji shafinsu, wanda a fuskar waya aka rubuta masa Classwork, inda malami ke jera darussa bisa kanun batutuwa. A 2019 aka ƙaro shafin maki, wanda ya yi kama da littafin makin da muka sani.

Shekarar 2020 ta zo da annobar korona. A watan Maris aka rufe makarantu a Nijeriya kamar yadda aka yi a ƙasashe da dama, jihohi da yawa suka koma koyarwa ta rediyo da talabijin. A wannan shekara kamfanin ya haɗa manhajar da Google Meet, domin malaman makarantun da ke da rajista su riƙa ganawa da ɗalibai ta bidiyo. A farkon 2021 kamfanin ya ce masu amfani da ita sun haura miliyan 150, alhali shekara guda kafin nan miliyan 40 ne.

Yawan nan ya tona wata matsala: miliyoyin sababbin masu amfani da ita ba su da kwamfuta, ba su da intanet mai ƙarfi. Shi ya sa a 2021 aka sanar da gyare-gyare biyu ga masu wayar Android. Ɗaya, ɗalibi ya iya buɗe aikin da ya riga ya sauke ko babu sabis, ya yi, sabis na dawowa ya tura. Biyu, a sauƙaƙa ɗaukar hoton aikin da aka rubuta da hannu a takarda. Waɗannan biyun sun fi dacewa da bukatarmu nesa ba kusa ba a kan ganawa ta bidiyo, wadda ke cinye data.

A 2025 kuma aka shigar da Gemini, ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin, ga malaman da ke amfani da asusun makaranta, domin ta taya su tsara darasi da fitar da tambayoyi. Za mu dawo kanta a sashe na takwas.

4. Ire-iren sabuntawa

Sabuntawa iri huɗu ce.

Akwai ta gyaran kuskure, kamar a ce manhajar tana rufe kanta duk lokacin da aka ɗora hoto, sai a gyara.

Akwai ta tsaro, wadda ke toshe ɓarakar da ɓarayin intanet za su iya bi su saci bayanai. Wannan ba a jinkirta ta.

Akwai ta ƙarin aiki ko sauyin fasali, wadda ita ce ta fi ruɗa malamai. Kamar mai shago ne a kasuwar Gumel ya sake jera kayansa: sukari ya bar kantar da ka saba ganinsa, amma bai bar shagon ba. Mai haƙuri ya duba, ko ya tambaya, zai same shi.

Akwai kuma ta cire wani aiki, ko rufe manhajar ɗungurungum. Edmodo manhaja ce ta gudanar da aji da aka kafa a 2008, malamai da ɗalibai miliyoyi a ƙasashen duniya suka dogara da ita. A ranar 22 ga Satumba, 2022, aka rufe ta. An yi sanarwa tun kafin ranar, amma wanda bai kwashe darussansa da makin ɗalibansa ba ya rasa su. Kayan da ke cikin manhaja ajiya ce a hannun wani. Mai hankali yakan riƙe kwafi a nasa hannun.

Ta fuskar yadda take zuwa kuwa, hanya biyu ce. Wata daga can kamfanin ake yin ta, malami sai dai ya buɗe ya ga sauyi. Wata kuma sai an sauke ta daga Play Store, kuma wannan ita ke cin data da gurbin ajiyar waya. Idan na'urar ta gwamnati ce, hukumar da ta raba ita ke da alhakin sabuntawa. Malami ya bi umarnin jami'an shirin, kada ya kai ta shagon mai gyaran waya.

5. Ma'auni uku

Kafin malami ya shigar da sabon abu ajinsa, ya yi wa kansa tambayoyi uku.

Tambaya ta farko: zai rage mini aiki ne ko zai ƙara? Shafin da ke haɗa jimlar maki da kansa yana rage aiki, domin malamin da ke da yara sittin ko tamanin ya san dararen da yake kwana yana lissafi a ƙarshen zango. Lokacin da ya samu rara sai ya ba yaran da karatu ke yi wa wuya. Amma sabon abin da zai sa malami ya shafe rabin darasi kansa na sunkuye a kan waya, yara na surutu, ya ci amanar lokacin aji.

Tambaya ta biyu: zai kai ga ɗalibin da ya fi kowa rashin hali? Wannan ita ce uwar tambayoyin. Kada malami ya auna da ɗan mai shago a cikin gari. Ya auna da yarinyar da ke rugar bayan gari, wadda wayar gidansu ƙarama ce mai madannai. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, saboda haka kowane bidiyo da malami ya tura kuɗi ne daga aljihun uba ko uwa. Idan amsar tambayar a'a ce, to ko dai a bar sabon abin, ko a tanadi wata hanya tare da shi: a rubuta aikin a allo, a karɓa a takarda, malami ya shigar da makin da kansa. Ba ya halatta yaro ya rasa maki saboda gidansu babu waya.

Tambaya ta uku: wane bayani na yara yake nema, kuma wa zai gani? Sabon abin da ke neman hoton yara ko lambar wayar iyaye ko adireshin gida, a dakata da shi sai an ji daga hedimasta da iyaye.

Abin da ya tsallake ma'aunin nan uku, malami ya rungume shi ba tare da tsoro ba. Misali, rajistar da ke cikin na'ura tana iya nuna wa malamin Maigatari cikin sauƙi cewa wasu yara kowace Alhamis ba sa zuwa, ko ta nuna wa na Gagarawa cewa aji na raguwa lokacin yankan riɗi. Da wannan hujja zai je wurin mai unguwa da kwamitin makaranta a nemi mafita tare.

6. Hira a ofishin malamai

A karanta wannan hira da murya, mutum biyu su raba. Tsakanin wani dattijon malami ne da wata matashiyar malama da ke koyarwa a makaranta ɗaya.

Malama: Baba Malam, barka da hutawa. Na ga tun ɗazu kana ta juya wayar nan, lafiya dai?

Malam: Ina fa lafiya, 'yata. Makin 'yan aji biyu da na shigar makon jiya duk sun ɓace. Jiya da dare wayar ta yi ta wani aiki ita kaɗai, yau na buɗe ban gane komai ba.

Malama: Allah ya sa ba su ɓace ba. Bari in gani, Baba. Ai ga su nan. Sabuntawa aka yi, sun mayar da wurin latsawa cikin waɗannan layuka uku na sama.

Malam: Ikon Allah! To me ya hana su yi sallama kafin su taɓa wa mutum kayansa?

Malama: Sukan rubuta, Baba, sai dai da Turanci, kuma mu ma ba mu cika karantawa ba. A Play Store, ƙarƙashin sunan manhajar, akwai inda sukan faɗi abin da suka sauya.

Malam: To ni dai abin da ya kwantar mini da hankali, makin nan duk suna cikin littafina. Ban taɓa shigar da maki a waya ba sai na fara rubutawa da biro.

Malama: Wallahi ni wannan ne ban yi ba. Na dogara da wayar kacokan.

Malam: Kul, 'yata. Waya kan faɗa ruwa, akan sace ta ranar kasuwa. Ranar da sufeto ya zo daga ofishin sakataren ilimi, ba zai karɓi uzurin rashin sabis ba.

Malama: Gaskiya ne, Baba, yau zan sayi littafi. Sai dai ina da roƙo: ranar Laraba bayan an tashi mu zauna da sauran malamai, in nuna sabon fasalin, kai kuma ka nuna mana yadda kake tsara littafin maki.

Malam: Madalla. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya yi miki albarka.

7. Matakan sabuntawa

Kafin sabuntawa:

1. Kwafe maki a littafi. Mai kwamfuta kuma yana iya fitar da su daga Google Classroom zuwa jadawali ya ajiye.
2. Tabbatar ka san adireshin imel ɗinka da kalmar sirrinka, domin wani lokaci manhajar kan nemi a sake shiga.
3. Karanta bayanin abin da aka sauya. Idan Turancin ya yi tsauri, nemi abokin aiki ya fassara.
4. Zaɓi lokaci. Kada a sabunta a makon jarrabawa ko daren da ɗalibai za su kawo aiki, sai fa idan sabuntawar tsaro ce. Ƙarshen mako ko hutun zango ya fi.

Lokacin sabuntawa:

5. Waya ta kasance da isasshen caji, a kuma wurin da sabis ke da ƙarfi.
6. Daga Play Store kaɗai za a sauke. Manhajar da aka turo ta WhatsApp ko aka zuba daga wayar wani tana iya zama jabu.
7. A cikin saitin Play Store akwai zaɓin hana manhajoji sabunta kansu da datar waya. Mai ƙaramin ƙarfi ya kunna shi, ya riƙa sabuntawa da hannunsa lokacin da ya shirya, amma kada ya bari watanni su shuɗe bai yi ba.

Bayan sabuntawa:

8. Buɗe aji na gwaji da malami ɗaya ko biyu a matsayin ɗalibai, ku gwada sabon abin. Sai an gwada akan san na ƙwarai.
9. Gwada shi a tsohuwar waya mai ƙaramin gurbi, domin irin ta ce a hannun yawancin iyaye.
10. Nuna wa ɗalibai a aji, a zana fuskar wayar a allo, sannan a sanar da iyaye da Hausa.

A tuna kuma cewa asusun Google na kyauta gurbin gigabait 15 yake da shi, kuma imel da hotuna da takardun aji duk a ciki suke zama. Idan ya cika, sabon aiki ba zai shiga ba, saboda haka a riƙa share abin da ba a bukata a ƙarshen kowane zango.

8. Amanar yara da ƙirƙirarriyar basira

Sunan yaro da makinsa da hotonsa amana ce. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta wajabta neman yardar uba ko uwa ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro. Ƙa'idar kamfanin Google kuma ita ce sai mai shekara 13 zuwa sama zai buɗe asusun kansa, saboda haka 'yan firamare ta hannun iyaye ko makaranta za su shiga. Malami kada ya ba kowa kalmar sirrinsa, kada ya watsa makin yara a zauren da kowa ke gani, kada kuma ya ɗora hoton ɗalibai, musamman 'yan mata, ba da izinin gidansu ba. Lambar shiga aji ta 'yan aji ce kaɗai. Idan ta fita waje, manhajar na ba da damar a sauya ta.

Ƙirƙirarriyar basira kuwa tana iya fitar da tambayoyi ashirin cikin daƙiƙu kaɗan, amma takan yi kuskure, kuma kuskurenta ya fi yawa a Hausa da kuma al'amuran yankinmu. Tana iya kawo misalin da yaron Sule Tankarkar bai taɓa gani ba, ko ta ba da shekarar da ba daidai ba. Duk abin da ta rubuta, malami ya karanta shi daga farko har ƙarshe, ya gwama da littafin da hukuma ta amince da shi, ya sa misalan gero da riɗi da awaki da yaran suka sani. Kada kuma a shigar mata da sunayen ɗalibai. Idan kuskure ya isa kunnen yaro, malami za a tambaya.

Taƙaitawa

Manhajar gudanar da aji tana riƙe sunaye, tana raba aiki, tana karɓa, tana ajiye maki. Ana sabunta ta don gyara, ko tsaro, ko ƙarin aiki, wani lokaci kuma akan rufe ta. Sabuntawar tsaro a gaggauta ta. Sabon aiki kuwa a auna shi da lokacin malami, da halin ɗalibi mafi rauni, da amanar bayanan yara. A kowane hali malami ya riƙe kwafin maki a littafi.

Muhimman Kalmomi

Manhaja: tsarin da ake sa wa waya ko kwamfuta don ta yi wani aiki.
Sabuntawa: sauya tsohon zubin manhaja da sabo.
Saukewa: jawo abu daga intanet zuwa cikin waya.
Ɗorawa: tura abu daga waya zuwa intanet.
Kalmar sirri: haruffa da lambobin da mai asusu kaɗai ya sani.

Tambayoyi

1. Kawo ayyuka huɗu na manhajar gudanar da aji.
2. Me ya bambanta Google Classroom da manhajar da ke cikin na'urorin JigawaUNITE?
3. Waɗanne gyare-gyare biyu na 2021 suka fi dacewa da yankinmu, kuma me ya sa?
4. Wane darasi malami zai ɗauka daga rufe Edmodo?
5. Wace irin sabuntawa ce ba a jinkirtawa?
6. A cikin hira, me kowanne daga cikin malaman biyu ya koya daga ɗan'uwansa?

Aikin Lissafi

(a) A ce aji yana da ɗalibai 60, kuma 18 ne kawai ke da babbar waya a gida. Kashi nawa cikin ɗari ke nan? Ɗalibai nawa ne za su bukaci a ba su aikin a takarda?

(b) A ce bidiyon darasi ɗaya yana cin megabait 40, takardar darasi ɗaya kuma tana cin megabait 2. Uban da ya sayi megabait 200, bidiyo nawa ɗansa zai iya saukewa? Takardu nawa?

Aikin Rukuni

Ku kasu uku-uku, kowane rukuni da babbar waya ɗaya. Ku buɗe Play Store, ku duba manhajojin da ke jiran sabuntawa, ku zaɓi ɗaya ku karanta bayanin abin da aka sauya. Ku tantance a cikin ire-iren nan huɗu wace iri ce, sannan mutum ɗaya ya faɗa wa aji da Hausa.

Aikin Gida

Ziyarci makarantar da ta fi kusa da gidanku. Tambayi malami ɗaya yadda yake ajiye sunaye da makin ɗalibansa, da abin da yake yi wa yaran da gidansu babu waya. Rubuta abin da ka ji cikin layi goma, ba tare da ambaton sunan malamin ko na wani ɗalibi ba, ka kawo a zama na gaba.